Akushin Da Ake Haɗawa Da Guntayen Katako

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙa ya ga yadda ake fid da akushi, ya san abin da ke zuba ƙasa ya fi abin da ake ɗauka a kai kasuwa. Sai a sare gungume mai kauri, a tsaga shi, masassaƙi ya sa gizago ya yi ta ƙwaƙule cikinsa har ya yi zurfi. Akushi ɗaya ke fita, sauran itacen kuwa ya zama sassaƙe, mata su kwashe su hura wuta. A da ba wanda ya damu da wannan, don daji cike yake. Yanzu kuwa manomi ya fi kowa sanin nisan da za a yi kafin a ga itacen da kaurinsa ya isa a fid da babban akushi.

To, a Amurka da Ingila akwai waɗansu mutane da suka bi wata hanya dabam. Maimakon su nemi babban gungume su rarake shi, sai su tara ƙananan guntayen katako, su yanka su daidai wa daida, su manne su da gam har su zama siffar akushi, sa'an nan su ɗora a kan inji su fere. Yawancinsu ba sana'arsu ba ce. Aikin sha'awa ne, watau abin da mutum ke yi don ɗebe kewa bayan ya taso daga ofis, ko bayan ya yi ritaya. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da akawuna, da manoma waɗanda sanyin hunturu ke hana su fita gona wata da watanni. A Amurka suna da ƙungiya ta masu sassaƙa a kan inji wadda aka kafa a 1986, ofishinta yana birnin Saint Paul a jihar Minnesota, mutanenta dubbai ne, cikinta kuma akwai reshe na musamman na masu haɗa guntaye. Ta Ingila an kafa ta a 1987.

Injin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shi ne wanda kafintoci ke fid da ƙafafun gado da na kujera da shi, masu tudu da kwari kamar gwangwala mai gaɓoɓi. Ana ɗaure itace a jikinsa, inji ya yi ta juya shi da sauri, mai aiki ya riƙe ƙarfen sassaƙa ya jingina shi a kan wani dogari, ya matso da bakinsa a hankali. Itace ne ke tafiya, ƙarfe yana tsaye. Saboda haka duk abin da ya fito daga wannan inji kewayayye ne sumul, ba kamar aikin gizago ba, wanda ido da hannu kaɗai ke daidaita shi.

Tun kafin lantarki ake wannan aiki. A wani ƙauye da ake kira Bucklebury a Ingila an yi wani tsoho, George Lailey, wanda ya rasu a 1958, shi ne na ƙarshe a ƙasar da ya rayu da sana'ar fid da akusa a kan injin ƙafa. Injinsa sanda ce mai lanƙwasa, da igiya, da abin takawa. Gwanintarsa ita ce daga gungume guda yakan fid da akusa da yawa, ƙarami daga cikin babba, don kada cikin itacen ya tafi a banza. Injin nan nasa yana nan ajiye a gidan tarihin zaman karkara da ke garin Reading. Ashe ko a can ma tsimin itace tsohon zance ne.

YADDA AKE GINA SHI

Masu wannan aiki ba su cewa sun sassaƙa akushi, sai su ce sun gina shi, gaskiyarsu kuwa. Da fari mutum zai ɗauki takarda ya zana akushin kamar an raba shi biyu daga baki zuwa gindi. Sa'an nan ya ja layuka a kwance, ya raba zanen hawa-hawa, kowane hawa kaurin katakon da yake da shi. In katakon kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, akushi mai zurfin inci 5 zai ci hawa 7: gindi ɗaya, da zobe 6 a bisansa, kowane zobe ya fi na ƙarƙashinsa faɗi.

Kowane zobe kuwa guntaye ne aka jera suka kewayo. Yawanci masu koyo da 12 suke farawa. Ga inda lissafi ya shigo, akawuna da 'yan kasuwa sai su gyara zama. Da'ira digiri 360 ce. In aka raba wa guntaye 12, kowane guntu ya sami digiri 30. Amma guntu bakinsa biyu ne, saboda haka kowane baki za a yanke shi a karkace digiri 15. In guntaye 8 ne, digiri 22 da rabi. In 24 ne, digiri 7 da rabi. Tsawon guntu kuwa daga faɗin zoben ake samunsa. Zobe mai faɗin inci 12 wanda za a yi da guntaye 12, kowane guntu tsawonsa ta waje inci 3 ne da kashi ɗaya cikin biyar. Akushin nan mai hawa 7 zai ci guntaye 72, ban da gindi.

Wahalar aikin duka tana cikin wannan yanka. Zobe mai guntaye 12 yanka 24 ne a jikinsa. In zarto ya kauce da rubu'in digiri kawai, abin da ido ba ya ko gani, to, kuskuren zai maimaitu sau 24, ya zama digiri 6. Sai mutum ya jera guntayensa ya ga zobe ya ƙi rufewa, an bar giɓi da ɗan yatsa zai shiga. Ba a cike irin wannan giɓi da gam. Gam ɗin kafinta ba ya riƙo sai fuskokin katako biyu sun haɗu sosai, har in an ɗaga su ga rana haske bai ratsa ba. Shi ya sa masu aikin kan ɓata yini guda suna daidaita zarto da katakon banza kafin su taɓa na kirki. Wani Ba'amurke mai suna Jerry Bennett ya ƙago wani faifai da ake ɗorawa a kan injin zarto, mai shinge biyu, ana yanka ɗaya a wannan shinge ɗaya a wancan, ta yadda in wannan ya kauce wancan zai rama masa. Ya rage wa masu koyo baƙin ciki ƙwarai.

Akwai kuma tsohuwar dabara ga wanda ba shi da wannan faifai. Sai ya manne guntaye 6 su zama rabin zobe, ya manne sauran 6 dabam. In sun bushe, ya shimfiɗa samfefa a kan abu mai leɓur, ya goge bakunan rabin nan biyu har su kwanta daidai, kana ya haɗa su. Zoben ba zai zama cikakkiyar da'ira ba, amma inji zai gyara sauran. Wajen matsewa waɗansu da ɗamarar ƙarfe suke amfani, irin wadda makanikai ke ɗaure tiyon mota da ita, waɗansu kuwa roba kawai suke naɗewa.

In zobba sun kammala, sai a goge saman kowanne da ƙasansa, a shiga ɗora su. Nan kowane magini zai gane abin da ake ciki. Ba a barin mahaɗin sama ya faɗa kan mahaɗin ƙasa, sai a karkata zoben mahaɗinsa ya zo tsakiyar guntun da ke ƙarƙashi, kamar dai yadda ake jera bulo. Ƙarfin akushin a nan yake. Mahaɗin da ke tsakanin guntu da guntu cikin zobe ɗaya ba shi da ƙarfi sosai, don bakin itace ne da bakin itace, yana shanye gam. Zoben sama da na ƙasa su ke riƙe shi. Yawancin masu aikin zobe ɗaya suke ɗorawa, su bari ya kama, su fere cikinsa tun hannu yana kaiwa, sa'an nan su ƙara wani. Akushi guda yakan ci mako ɗaya ko biyu, ba don yawan aikin ba, sai don jiran gam.

Kafin a fere shi abin ba kyan gani, duk kusurwoyi da gam da ya tsiyayo. Amma da inji ya tashi, ƙarfe ya taɓa, sai kusurwoyin su yi ta zubewa, launin itace ya fito. Ƙarfen da ake amfani da shi mai kwari ne kamar ƙaramin indararo, ana wasa shi a kai a kai, domin busasshen gam yana dakusar da baki. Daga nan sai samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a shafe da mai ko kakin zuma.

Lalle a faɗi haɗarin abin. Akwai ƙa'idar da wani malamin sassaƙa na Amurka, Dale Nish, ya koyar: a ɗauki faɗin akushi da inci a ninka shi da yawan juyin inji a minti ɗaya, abin da ya fito ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Watau akushi mai inci 12 kada ya wuce juyi 750 a minti. Ko a juyi 700 bakin akushin yana gudun mil 25 a sa'a. In mahaɗi guda bai kama ba, guntu ya ɓalle, fuskar mai aiki ce a gabansa. Saboda haka ba a tsayawa gaban wannan inji sai da garkuwar fuska, ba a kusantarsa da babbar riga ko rawani mai jela, ba a kuma shaƙar ƙurarsa. Ƙurar waɗansu itatuwa tana kawo tari da ƙaiƙayi.

ABIN DA AKE SAMU

Riba ta fari ita ce tsimin itace. Akushi mai faɗin inci 12 da zurfin inci 5, in daga dunƙule ɗaya za a fid da shi, sai an sami katako mai inci 12 kowane gefe, kauri inci 5, ba tsaga, ba ɓargo a tsakiya. Irin wannan sai babban itace. In kuwa haɗa shi za a yi, siraran katakai masu faɗin inci ɗaya da rabi sun isa, tsawonsu duka bai kai ƙafa 20 ba, in an auna kuwa wajen sulusin wancan dunƙulen ne. Kuma irin katakon da kafinta ke turewa gefe ne in ya gama ƙofa ko tebur.

Ta biyu sai an san halin itace kafin a gane ta. Itace ko ya bushe ba ya daina motsi. In iska ta yi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke. Amma ba ta kowane gefe yake yi daidai ba. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau, yawancin itatuwa sukan tsuke kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ta faɗi, ta tsawo kuwa kusan babu. Shi ne dalilin da ya sa akushin da aka fid daga ɗanyen gungume yakan koma kamar ƙwai in ya bushe, wani lokaci ma ya tsage daga baki. A akushin haɗi kuwa kowane guntu an kwantar da shi tsawonsa yana bin kewaye, saboda haka zoben ba ya canja siffa, sai dai kaurin bango ya ɗan ƙaru ko ya ragu.

Sai dai gindi shi ne matsala, masu aikin kansu sun yarda. Gindi faifai ne guda na katako, yana kumbura ta gefe ɗaya, zoben da ke kansa kuwa ba ya motsi. In faifan ya yi faɗi, ɗayansu sai ya tsage. Don haka ake ƙanƙanta shi, inci 3 ko 4, ko kuwa a sassaƙa masa gurbi a zura shi ciki ba tare da an manne shi duka ba, ya sami wurin numfashi. Haka kuma ba a haɗa katakon da bai gama bushewa ba da busasshe. A Amurka katakon da suke amfani da shi an gasa shi a ɗakin busarwa har ruwan da ya rage a jikinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ba.

Ta uku ita ce ado, ita ce kuwa ta fi jan mutane. Tun da guntaye ne, ana iya sa fari kusa da baƙi, ja kusa da rawaya, ba tare da an shafa fenti ba. Tun ƙarni na 19 masu sana'a a garin Tunbridge Wells na Ingila suke manne siraran sanduna masu launi iri iri su fere su a inji. Amma wanda ya fi ɗaukaka aikin a zamanin nan shi ne Ray Allen, kafinta ne na gine-gine wanda ya koma garin Yuma a jihar Arizona, ya rasu a shekara ta 2000. Ya dubi tukwanen ƙasa na Indiyawan daji na wannan yanki, da zanen da ke jikinsu, ya shiga kwaikwayonsu da itace. Waɗansu tukwanensa guntayen da ke jikinsu sun haura dubu, in mutum ya hango su daga nesa sai ya rantse yumɓu ne aka yi wa zane. Bayansa wani mai suna Malcolm Tibbetts na Kalifoniya ya rubuta littafi a kan aikin a 2005, har yanzu shi masu koyo ke buɗewa. Wanda ya san zanen ƙwarya, ko saƙar faifai mai launi, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wani abin da ya kamata manomi ya sani shi ne, da yawa daga cikin launukan nan daga Afirka suke zuwa. Jan katako da baƙin katako da masu sha'awar nan ke saye da tsada a kantunan Amurka, na dazuzzukan Kamaru ne da Gabon da Kwango. Su kam kaɗan suke saye, ba su ne suka cinye daji ba. Amma kasuwar katako mai launi gaba ɗaya ta yi ɓarna. Mutanen jihar Taraba sun ga yadda aka yi ta lodin maɗobiya a manyan motoci ana kai wa ƙasar Sin don yin kujeru, har a 2016 taron ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu ya sa ta cikin waɗanda ba a fitarwa sai da takardar izini. A taron 2022 a Panama aka ƙara da maɗaci da ƙawo. Itatuwan da ake sassaƙa turmi da ƙofa da su a ƙauye, su ne yau ake ƙidaya a taron duniya.

KO ZAI YI A NAN?

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an sami magajin akushin tuwo. Ba a samu ba. Akushin haɗi ba ya son zafi, ba ya son ruwa. In aka zuba masa tuwo da miya da zafinsu, aka wanke, aka kife a rana, ba zai yi wata guda ba mahaɗansa za su buɗe. Can ma inda ake yinsa ba a cin abinci mai ruwa a ciki. Na ajiye 'ya'yan itace ne, ko alewa, ko kuwa a ɗora a kan tebur don kallo. A nan sai a ce na dabino ne da goro, da kyautar biki, da jeren ɗakin amarya. Akushin masassaƙi, wanda aka fid daga itace guda aka babbake shi ya yi baƙi, ya fi shi juriya nesa ba kusa ba, ba kuwa mai ƙwace masa wurinsa a gaban maigida.

Kayan aikin ma ba na kowa ba ne. Ana bukatar inji, da zarto mai yanka daidai, da wutar da ba ta ɗaukewa tsakiyar aiki. Injin ƙafa irin na Lailey ba ya bukatar lantarki, amma ɗanyen itace ya fi so, busasshen katako mai gam yana wahal da shi. Saboda haka manomin da ke neman aikin rani kada ya sayar da buhun gero ya sayi inji saboda wannan labari. Wanda abin ya fi dacewa da shi shi ne kafintan da ya riga ya mallaki injin fid da ƙafar gado, wanda kowace yamma yake share guntaye a ƙofar shagonsa ana saye a hura wuta.

Shi kuwa ba ya bukatar katakon waje. Darbejiya tana da ja-ja mai kyau, ga ta ko'ina a bakin titi. Mangwaro yana da fari mai ratsi. Ragowar maɗaci daga tsohuwar ƙofa ko tsohon benci ya fi sabo, don ya daɗe da gama motsinsa. Inda manomi zai shigo shi ne nan: reshe mai kaurin cinya da aka sare wajen gyaran itacen gona, wanda ba zai ba da turmi ko akushi ba, in aka tsaga shi sirara aka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa, aka toshe bakunansa da kaki ko fenti don kada ya tsage, zai ba da guntaye masu yawa. Turawa sukan ce shekara guda ga kowane inci na kauri. A ƙasa mai zafi ya fi haka sauri, amma gaggawar bushewa ita ke kawo tsaga.

Babban abin gwaji shi ne yanayi. Gidajen Amurka ana daidaita iskarsu rani da damina, ƙasar Hausa kuwa tsakanin laimar watan Agusta da busasshiyar iskar hunturu akwai nisa ƙwarai, kowa ya ga ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina ta koma tana lilo a Janairu. Akushin da aka manne a Agusta, hunturu ne zai faɗi gaskiyarsa. Kafintan da ke so ya gwada, ya fara da zobe biyu ko uku a kan ƙaramin gindi, da irin katakon da yake niyyar amfani da shi da irin gam ɗinsa, ya rubuta ranar a jiki da fensir, ya rataye a shago. In ya ga bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya, ya shafa da yatsa bai ji mahaɗi ya tashi ba, sa'an nan ya yanka guntaye 72.